Buji, Fulogi da 156FMI: Tarihin Injin Tsohon Moto a Bakin Masu Gyara

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da amsa laifina. A babban bakans na bara, da na komo gida Maraɗi daga Yamai, babanmu ya ba ni jika biyu ya ce in kai motonshi a yi mishi bidanj. Ni kuwa na ce a raina mai ai mai ne, sati guda ba ya kashe inji. Kuɗin suka tafi a kiredin salula. Sati guda ya zama wata biyu. Ran nan ina komowa daga Tibiri da rana tsaka, sai na ji moton ya fara nauyi, ƙararshi ta sauya, wani ƙauri ya taso daga ƙasa, sannan tayar baya ta ja a kan gudiro. Na sauka na taka kik, ko motsi bai yi ba. Injin ya kame.

Moton Honda CG125 ne, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya saye shi hannu na biyu tun yana malamin lakwal a ƙauye. Da shi aka kai innarmu likita daren da aka haife ni, da shi kuma Baba ke zuwa garkarshi ta bakin Gulbi kullum safe tun da ya bar aiki. Ke nan abin da na kashe ƙafafun dattijo ne.

Da amalanke muka kai shi garaji. Can na tarar da ra'ayi biyu. Yaron garajin, sa'ana, ya ce kada a wahala: a sayi sabon injin Sin a kwali, a ɗaura, kafin magariba moto ya tashi. Maigidansu, wani dattijo da ya yi furfura cikin baƙin mai, ya ce: "Kai dai tsaya. Ba a yi ma maras lahiya sallar gawa ba a duba shi ba. A buɗe tukuna."

Kwana uku na yi zaune bisa benci ina jiran hukunci. Kunnen ɗalibin ilimin harshe ba ya hutawa, sai na lura cewa abu guda cikin injin yana da suna biyu, wani lokaci uku. Dattijon ya ce buji, mai sayar da kayan gyara ya ce fulogi. Wannan ya ce segiman, wancan ya ce ringi. A jikin sabon injin da ake so in saya kuwa, an buga wasu haruffa da lambobi da ba wanda ya damu da ma'anarsu. Daga nan na gane cewa gardamar nan ta "a gyara ko a sauya" tana da tarihi, kuma tarihin yana kwance cikin kalmomin da ake yin ta da su.

Daga Jamus aka faro

A 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya haɗa injin da ke aiki da motsi huɗu, wanda masu gyaranmu ke kira kat tan. Fiston ya sauka ya zuƙo iska da isans, ya hau ya matse su, tartsatsi ya kunna su wutar ta tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora ƙaramin inji bisa wani keken katako, kuma shi ake ɗauka a matsayin kakan moto mai shan isans. A 1894, a birnin Munich, kamfanin Hildebrand da Wolfmüller ya fara ƙera moto da yawa don sayarwa.

Tun daga wancan zamani har yau cutar injin ba ta sauya ba. Ƙarfe ne ke gudu cikin ƙarfe sau dubbai a minti guda, ba abin da ya raba su sai ɗan siririn mai. In man ya ƙare, ko ya tsufa, ko ƙura ta shiga ta zama kamar yashin goge tukunya, zafi zai hau. Fiston na alminiyom ne, kuma alminiyom ya fi baƙin ƙarfe saurin kumbura da zafi, kusan ninki biyu. Sai ya cika ramin da yake gudu a ciki, ya manne. Abin da ya faru da ni ke nan a hanyar Tibiri. Abin da ya sauya daga zamani zuwa zamani shi ne amsar da mutane ke bayarwa bayan injin ya mutu.

Zamanin mobilet

A 1949 kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da Mobylette, ɗan keke mai inji na santimita kubik 49, mai fedal da bel. Peugeot ma ta biyo da nata, musamman 103 da ta fito a 1971. Waɗannan su suka cika biranen ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, har aka riƙa harhaɗa irinsu a Bobo-Dioulasso. Sunan kamfani ya zama sunan abu: kowane ƙaramin moto mobilet ne a bakin kakanninmu. A shekarun 1970, bayan da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuɗin gwamnati suka ƙaru, ma'aikata suka ƙaru, mobilet ya zama alamar mai albashi: malamin lakwal, malamin likita, malamin gona.

Injin mobilet de tan ne, wato mai motsi biyu. Ba shi da supap, ba shi da tafkin mai a ƙasa. Ana gauraya mai da isans ne, wajen kashi 4 cikin 100, su ƙone tare. Shi ya sa yake hayaƙi, shi ya sa kuma baƙin gawayi ke toshe mishi bututu har sai an cire an ƙone. Amma sassanshi kaɗan ne ƙwarai. Dattijon garajinmu ya ce da kile huɗu da turnabis guda yake warware shi kaf a gindin bedi, ya mayar kafin la'asar. A wancan zamani, in ji shi, ba mai maganar sauya inji. Sabon inji daga Faransa yake zuwa, da tsada, kuma sai an jira. Hannun mai gyara shi ne mai arha.

Wannan zamani ne ya bar mana kason farko na kalmomin garaji: buji, karbiratar, segiman, kilas, biyal, bilbirke, juwan, bidanj, rodaj. Duk Faransanci ne da ya bi ta bakin Bahaushe. Hausa ba ta da sautin v, sai ya koma b: vidange ta zama bidanj, vilebrequin ta zama bilbirke. Inda baƙaƙe suka taru, sai mu cusa wasali tsakaninsu. Jinsi ma mun sake rabawa bisa ƙa'idarmu. A Faransanci moto mace ce, bougie ma mace ce, amma da yake ba su ƙare da a ba, a Hausa sai muka ce moto ya mutu, buji ya ƙone, alhali mota ta lalace.

Wasu daga cikin kalmomin sun yi doguwar tafiya kafin su iso mu. Bougie a Faransanci kyandir take nufi, kuma sunan ya fito daga garin Bejaya na Aljeriya, wanda Faransawa ke kira Bougie, inda ake fitar da kakin zuma zuwa Turai. Kalmar ta tashi daga Afirka, ta ƙetare teku, ta shiga cikin inji, ta komo Afirka. Shimis kuwa, wato bututun ƙarfen da ake sakawa cikin silinda, ma'anarta ta asali riga ce.

A farkon shekarun 1980 Motobécane ya karye. Ya koma MBK a 1984, daga baya ya faɗa hannun Yamaha ta Japan. Ko a gidan mobilet ɗin ma, wani sabon zamani ya riga ya shigo.

Zamanin Japan

Mutumin da sunanshi ke jikin tankin moton Baba yaron garaji ne. Soichiro Honda ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna. A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokyo koyon gyaran mota. A 1937 ya kafa masana'antar segiman, kuma cikin 50 na farko da kamfanin Toyota ya gwada, 3 kaɗai suka ci jarrabawa. Bai bari ba, ya koma makaranta ya koyi sirrin narka ƙarfe. A 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, ya riƙa sayen ƙananan injuna da sojoji suka bari yana ɗaurawa a kekuna. Mutanen Japan suka sa musu suna batabata saboda ƙararsu.  A 1948 aka kafa kamfanin Honda, a 1958 aka fito da Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100.

Labarin CG125 shi ya fi shafarmu. A 1974 kamfanin ya aika injiniyoyinshi biyu su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filipin, Iran da Pakistan, su gano abin da ke sa injunansu ke saurin mutuwa a can. Suka tarar da abin da duk ɗan Maraɗi ya sani: mutum huɗu bisa moto guda, ƙura ko'ina, mai ya yi baƙi ya yi kauri ba a sauya ba, kuma ba a zuwa wajen mai gyara sai moto ya tsaya cak. Maimakon su ce mutane su sauya hali, sai suka sauya injin. A injunan da suka gabata, sandar da ke buɗe supap tana can sama cikin kilas, sarƙa ke juya ta, kuma ita ke fara cin wuya in mai ya lalace. A sabon injin suka sauko da ita ƙasa kusa da mai, haƙoran giya ke juya ta, ƙusumbi guda ke tura sanduna biyu su buɗe supap biyu. Matatar iska kuma suka yi ta da soso, a wanke a mayar. A 1975 CG125 ya fito. Faɗin silindarshi milimita 56.5, tafiyar fiston milimita 49.5. Daga 1976 aka fara ƙera shi a Barazil, kuma har yau ana ƙera shi a Pakistan.

Da na karanta wannan tarihi sai kunya ta ƙara kama ni. Injin da aka ƙera musamman don masu sakaci irina, shi na iya kashewa. Dattijon ya bayyana mini dalili: tsohon inji yana shan mai kaɗan-kaɗan ta segiman da suka gaji, kuma duka man da ke cikinshi bai wuce wajen lita guda ba. Baba ya san haka, kowane sati yana duba sandar awo ya ƙara. Ni ban taɓa buɗe ta ba.

Injin Japan ya zo da wata dabara ta tsawaita rai. In silinda ta ci, ba a jefar da ita. Ana kai ta wajen mai injin gogewa ya ƙara faɗin ramin kaɗan, a sa fiston da ya ɗara na da girma. Matakan huɗu ne: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. In sun ƙare, a sa sabuwar shimis a koma farko. Wato tun daga masana'anta an ƙaddara cewa injin zai mutu a tashe shi, ba sau ɗaya ba.

Abin da ya shigo ta iyaka

Kaso na biyu na kalmominmu daga kudu ya zo. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Damagaram na kallon Kano ta Matamai da Magarya, Ƙonni kuwa ita da Illela kamar gari guda suke. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gujiyar ƙasarmu ta nan ta riƙa bi zuwa teku, manyan motocin da ke ɗaukarta kuma suka zo da direbobinsu da kalmominsu. A ganina shi ya sa har mu da muka yi lakwal da Faransanci muke cewa mota, taya, birki, giya da inji, waɗanda duk daga Ingilishi suke.

A 1979 Honda ta kafa masana'anta a Ota, kusa da Legas. Garin Nnewi na ƙasar Ibo ya zama babbar cibiyar cinikin kayan gyaran babur, ƴan kasuwarshi suka bazu har garuruwanmu. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, kayan Nijeriya suka yi arha ga mai sefa a aljihu. Mai gyara a Maraɗi ya koyi cewa in yana son abu da sauri kuma da sauƙi, sai ya san sunanshi na can: fulogi, kafireto, ringi, bawul, kuloci, salansa. A nan ma ƙa'idar bakinmu ta yi aikinta: p ya koma f a fulogi, v ya koma b a bawul.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce bakanike. Daga mechanic na Ingilishi ta fito, amma kunnen Bahaushe ya ji farkonta kamar ba ɗin da ke cikin Bakatsine da Bagobiri. Da yake jam'in waɗannan Katsinawa da Gobirawa ne, sai aka samu kanikawa, sana'arsu kuma kanikanci. Harshe ya ɗauki masu gyara ya mai da su kamar wata al'umma mai asali.

A wannan zamani ne kuma moto ya zama abin neman abinci. A kudancin Nijeriya okada, daga sunan wani kamfanin jiragen sama. A arewacinta acaɓa. A Kwatano zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" a harshen Fon. A wajenmu kabu-kabu. Moton malamin lakwal yana hutawa da rana a inuwa. Moton haya ba ya hutawa, kuma ranar da ya kwana garaji gidan mai shi ba a ɗora tukunya. Ku riƙe wannan, don shi ne zai sauya lissafin gyara.

1994 da abin da ya biyo baya

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Duk abin da ke zuwa daga Turai ko Japan ya ninka kuɗi dare ɗaya. Dattijon ya ce ba su taɓa nuna gwaninta kamar a shekarun nan ba, don dole. Suna yanka juwan daga kwali, suna walda abin da a da ake jefarwa, suna haɗa matattun injuna biyu su fid da rayayye guda. "Lokacin nan," in ji shi, "wanda bai iya ba ya tahi noma."

A daidai wannan lokaci, can birnin Chongqing na ƙasar Sin, wani abu na tasowa. Tun 1981 masana'antar Jialing ta ƙulla yarjejeniyar fasaha da Honda. A 1982 wani mutum mai suna Zuo Zongshen ya buɗe ƴar rumfar gyaran moto, a 1992 ya kafa kamfanin Zongshen. A wannan shekara ta 1992 Yin Mingshan ya kafa Lifan da ma'aikata ƴan ƙalilan. Suka ɗauki injin Super Cub da na CG125 suka kwaikwaya, suka ƙera su da yawan da ya karya farashi. Ku lura: Honda yaron garaji ne, Zuo mai gyara ne. Manyan masana'antun nan daga benci irin wanda na zauna a kai suka tashi.

Daga shekarun 2000 motocin Sin suka mamaye kasuwanninmu, su Kasea, Haojue da Jincheng, daga baya na Indiya irin su Bajaj da TVS suka biyo. Saurayin da ubanshi bai taɓa mafarkin mobilet ba ya sayi sabon moto a kwali. Wannan alheri ne, kada wani ya ce muku ba haka ba. Mai ciki ta isa likita, ɗan ƙauye ya kai albasarshi kasuwa. Amma lissafin garaji ya juye. In kuɗin fiston da segiman da juwan da gogewa da ladan mai gyara sun doshi kuɗin sabon inji, kuma gyara na cin kwana uku alhali sauyawa na cin yini guda, ɗan kabu-kabu da ke kai wa mai moto kuɗi kowane dare ba shi da zaɓi. Yaron garajin da ya ce in sayi sabo ba rago ba ne. Kasuwar da ya tashi a ciki ita ta koya mishi haka.

Wannan zamani na uku bai kawo mana kalmomi da yawa ba, lambobi ya kawo. A jikin injin da aka nuna mini an buga 156FMI. Ga fassararshi: 1 silinda guda, 56 faɗin silinda a milimita, F iska ke sanyaya shi, daga kalmar feng ta Sinanci, M na moto, I kuma ajin girma na 125. In kun ga 162FMJ, wanshi ne na 150. Wato injin nan CG125 ne da ya sake suna. Kalmar Sinanci ta moto kuwa, motuo, ita ma aro ce daga tushe guda da motarmu da motonmu.

Abin da aka tarar a ciki

Rana ta biyu aka cire kilas, aka buga silinda ta fita da ƙyar. Alminiyom ɗin fiston ya narke ya shafu a bango, segiman sun manne cikin raminsu, ƴar ragar tace mai ta toshe da baƙin laka. Dattijon ya kankare kan fiston da wuƙa, ya kira ni: "Kai ɗan lakwal, zo ka karanta. Mi ka gani?" Na ce 0.75. Ya ce: "To sau ukku ke nan aka tashe shi. Na biyun ni na yi, kana goye. Saura mishi rai guda."

Sannan ya kama biyal ya ja sama ya danna ƙasa, yana saurare da yatsunshi. Bai yi wasa ba. Ya juya bilbirke, ya tafi sumul ba ƙara. Ya haska tocila cikin kaskon injin, ba tsaga. Ya ce waɗannan uku su ke yanke hukunci. In ƙasan inji na da lafiya, saman abin gyara ne. In biyal na ƙwanƙwasa, bilbirke ya karkace, ko kasko ya fashe, shi da kanshi zai ce a nemi wani inji, don gyaran zai ci kuɗin biyu.

Ya kuma faɗi abin da masu gaggawar sauyawa ba su cika faɗa ba. Ramukan kusoshi na iya dacewa, amma wutar tsofaffin CG bolt 6 ce, ta sababbin injuna 12, sai an sake wayoyi da ƙwai da batir. Jerin giya na iya bambanta, ƙafar dattijon da ta saba shekara talatin ta rikice a tsakiyar kasuwa. Dole kuma haƙorin gaba ya yi layi da na baya, in ba haka ba sarƙa ta riƙa cin kanta. In kuwa injin hannu na biyu za a saya, a duba lambar jikinshi ba a goge ba, a karɓi takardar ciniki, don kada a sayi na sata.

Aka kai silinda aka goge zuwa 1.00. Fiston ɗin da aka samu a kasuwa na Sin ne, kuma ya shiga daidai, tun da kwaikwayon na asali ne. Juwan ta Katsina ya shigo. Rana ta uku da yamma aka taka kik sau biyu, ya tashi. Dattijon ya ce a yi mishi rodaj: tafiya sannu, ba kaya mai nauyi, a zubar da man farko da wuri don ya fita da garin ƙarfe.

Ku dubi abin da ke ƙarƙashin tankin Baba yanzu. Kasko da bilbirke na Japan, fiston na Sin, juwan ta hanyar Nijeriya, sunayensu na Faransa da Ingila, hannun da ya haɗa su na Maraɗi. An gyara ne ko an sauya? Duka biyun. Arhar kayan Sin da ke kashe sana'ar gyara ita ce kuma ta ba tsohon injin nan fiston da zai ƙara rayuwa da shi.

Abin da ya rage gare mu

Kuɗin gyaran daga burs ɗina suka fita, wata biyu ina cin garin rogo a Yamai. Baba bai yi faɗa ba. Ya dai kira ni gaban ƙannena ya nuna mini inda sandar awon mai take, abin da ya fi mari zafi.

Abin da ya dame ni daban ne. Dattijon nan ya san abin da ba ya cikin kowane littafi: yadda ƙarar biyal ta bambanta da ta supap, shekarar da wane kaya ya daina zuwa, sunan da ake kiran wane ƙarfe kafin a haife mu. Yaranshi sun iya ɗaura sabon inji cikin awa biyu, amma ya ce cikin su shida guda ne kaɗai ya taɓa raba kasko biyu ya ga cikin giya. Babban ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, shekara 15 kafin a ƙera mobilet na farko. Mu da ke karatun harshe da tarihi muna rububin rubuta memuwar a kan sarakuna da karin magana, alhali ga wani reshe na Hausa na tsiro yana bushewa a bakin hanya, ba mai rubutawa.

Na fara nawa. A kwana ukun nan na cika shafi tara na kaye da kalmomin garaji, kowace da wanda ya faɗe ta da inda yake jin ta fito. Amma na Maraɗi ne kaɗai. Ban ji bakin Damagaram ba, ban ji na Tawa da Ƙonni da Dogon Dutsi ba. Wanda duk zai koma gida bakans mai zuwa, ya ɗauki kaye da bik ya je garajin unguwarsu, ya gai da maigidan da ladabi, ya sayi shayi, ya zauna bisa benci. Ya tambayi sunan kowane ƙarfe, da sunan da ake kiranshi a da, da moton farko da dattijon ya taɓa buɗewa. Mu haɗa abin da muka samo a fitowa ta gaba.

In kuma an ba ku aron moto don zuwa can, ku duba mai kafin ku tashi.